Allura ɗaya tak aka yi wa Kawu

Satin da ya wuce aka yi wa Kawuna aikin ƙaba a nan Jidda, har da ragar da ke ƙarfafa wajen aka saka masa. Da aka sallame mu sai ya ga maganin rage zafi kawai a leda, ransa ya ɓaci, wai ina kafso, ai mutum ba ya shiga tiyata ya fito ba antibayotik na sati guda.

Na koma na tambayi likita. Ya ce ai an ba shi tun kafin a sa wuƙa, allurar cefazolin ta jijiya, giram 2, cikin awa ɗaya kafin yanka, don maganin ya riga ya shiga jini lokacin da aka buɗe fata, mai nauyin kilo 120 zuwa sama kuma giram 3 ake ba shi. Bayan an ɗinke, ƙari ba ya hana ciwon ruɓa, sai dai ya sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Kawu ya ce in je saidaliyya, wato kantin magani, in sayo masa. Na ce Kawu, tun 2018 ba a sayarwa a Saudiyya sai da takardar likita. Yanzu kullum ni ke duba wajen ɗinkin, ko ya yi ja, ko kumburi, ko mugunya, ko zazzaɓi ya taso. Har yau dai lafiya lau, mita ce kawai bai daina ba.