Ɗigon sabulu da ya shafe mini aikin watanni

Na shigo binciken magunguna ne daga ɗakin gwajin sinadarai, wato aikin kwalabe da tafasawa da tacewa, sai a lokacin digiri na uku na koma gaban kwamfuta. Koyon Python da Linux, wato kayan aikin kwamfuta, bai kai wahalar da ake tsorata mutane da ita ba, kuma ba zan ɓata lokaci a kansa ba.

Aikina shi ne in ɗauko siffar furotin daga Protein Data Bank, rumbun adana siffofin furotin da aka kafa a 1971, in sa manhajar AutoDock Vina ta dasa dubban sinadarai ɗaya bayan ɗaya a cikin ramin da furotin ɗin ke aiki da shi, ta ba kowanne maki. Daga nan in tace su da ƙa'idar Lipinski ta 1997, ma'aunin gane sinadarin da zai iya zama maganin sha, wadda a cikin sharuɗɗanta akwai cewa nauyin ƙwayar sinadari kada ya wuce 500. Waɗanda suka yi fice muka sayo, wata abokiyar aikina ta gwada su a kan furotin ɗin, wanda enzaim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, kuma da yawansu suka tsayar da shi. Murna har kunne, na shiga zana 'yan uwansu, ina juya hotunansu a allo ina nuna wa kowa inda suka kama furotin ɗin.

Wani tsohon hannu a sashenmu ne ya dubi jadawalin sakamakon, ya lura cewa layin yana faɗuwa tsaye fiye da kima, ya ce a maimaita gwajin da ɗan Triton X-100, kashi 0.01 cikin ɗari, wanda ba komai ba ne illa wani nau'in sabulun ruwa. Da aka maimaita, kusan duk ƙarfin nan ya ɓace. Ashe sinadaran ba su taɓa shiga ramin ba. Dunƙulewa suke yi a cikin ruwa su zama ƙananan curi, curin ya manne wa furotin ya hana shi aiki, kuma haka zai yi wa kusan kowane enzaim da aka haɗa shi da shi. Sabulun kuwa wargaza curin yake yi. Kyawawan hotunan da na yi ta alfahari da su hasashen manhaja ne kawai.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ba sabon abu ba ne. Masanin binciken magunguna Brian Shoichet da abokan aikinsa sun bayyana wannan dunƙulewar tun 2002, kuma a 2010 wasu masana, Baell da Holloway, suka fitar da jerin sinadarai masu yaudarar gwaji da ake kira PAINS. Amma a kwasa-kwasan da na yi an cika mu da lissafin makamashi, ba wanda ya ambaci sabulu.

Yanzu da Demis Hassabis da John Jumper suka samu rabonsu a kyautar Nobel ta 2024 saboda AlphaFold, manhajarsu mai hasashen siffar furotin, ɗalibai suna zuwa mini da zaton siffar furotin ita ce rabin magani. Siffar tana da amfani, amma ba za ta gaya musu yadda sinadari zai kasance a cikin ruwa ba. Duk wanda zai yi aiki da ni sai ya fara zama kusa da masu gwaji ya ga yadda ake samar da lambobin da zai dogara da su, kuma ba na buɗe hoton wani sinadari a allo sai an kawo mini sakamakonsa da sabulu da kuma ba sabulu.