TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: Hakoran Hajiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya inda maigida ya dauko Hajiya mahaifiyarsa ta dawo gidanmu da zama saboda suganta ya ki sauka.

To Hajiya dai hakoranta na sama duk na roba ne, tun kafin a kawo ni gidan take da su, kuma wallahi ko 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya taba ganin bakinta babu su, da su take kwana da su take tashi, ita a ganinta abin kunya ne suruka ta ganta da wawulo. Sai na lura in na kai mata tuwo da miyar kuka ta dan taba ta ture, yaji kadan ta ce bakinta na zafi, gefen lebenta ya tsattsage yana ja. Na ce Hajiya ko dai a je asibiti? Ta ce ke 'yar nan zafin jiki ne, jiko min kanwa kawai.

Da kyar maigida ya lallaba ta muka je bangaren hakori. Likitar mace ce, shi ya sa ma ta yarda ta cire su, ni kuma aka ce in juya baya, amma fa na hango. Gandarta ta yi jawur daidai inda robar ke zama, harshe kuma da farin abu kamar an diga kindirmo. Likita ta ce wata kwayar cuta ce dangin yis mai suna kandida, mutane da yawa na da ita a baki ba ta damun mutum, amma in suga ya hau sai ya yi yawa har a cikin yawu, baki ya bushe, garkuwar jiki ta yi rauni, ga roba ta rufe wurin dare da rana iska ba ta shiga, shi ke nan ta samu gida. Kuma wai tana makalewa a jikin robar kanta, ko an sha magani in ba a wanke hakoran ba ciwon dawowa yake.

Ta rubuta nystatin na ruwa a rika kurbawa ana juyawa a baki sau 4 a rana har sati 2. Ta ce ba za ta ba ta fluconazole ko miconazole ba saboda Hajiya na shan maganin suga mai suna Daonil, haduwarsu kan iya sa suga ya fadi kasa sosai, kar mu kuskura mu saya a kemis. Hakoran kuma kullum da daddare a cire a goge da burushi da sabulu a jika a ruwa, banda tafasasshen ruwa don yana lankwasa su.

Nan fa ake yinta. Magani kam tana sha, amma cirewa da daddare ta ce sai dai in za a ba ta dakinta ita kadai da makulli, alhali da ita da yarana suke kwana, dakin da ya rage kuma na Anti ne kanwar maigida, wadda kun san halinta tun kashi na 4. Yadda muka kwashe da ita sai mako mai zuwa insha Allahu.