Abin da Baba ya nuna mini a ƙarƙashin kunya

Shekarar da na fara aikin malamin gona, an tura ni wasu ƙauyuka a kudancin Katsina, can wajen Funtuwa, inda ake noman dawa da masara da auduga. Cikin abubuwan da nake ganin na fi ƙwarewa a kai har da wuta-wuta, ciyawar nan mai kassara dawa da masara, wadda wasu ke kira ƙuduji. Na amsa tambayoyi a kanta a jarrabawa. Na san sunanta na kimiyya, Striga hermonthica. Na san tushe guda yana zubar da iri dubun dubata, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yakan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Hotonta kuwa a zaune yake a kaina: siririn tsiro mai kyakkyawan fure, launinsa tsakanin ja da shuɗi.

Ana tsakiyar damina wani dattijo ya aiko a kira ni. Dawarsa ta tsumbure, ganyen ya yi rawaya, wasu sun nannaɗe kamar masu jin ƙishi, alhali ruwa bai yi fashi ba. Na zaga gonar ban ga fure ko guda ba. Sai na ce, "Baba, yunwa ce ke damun dawar nan. A samo mata takin yuriya."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam, yunwa kam akwai ta. Amma akwai mai cinye abincin."

Ya sa fartanya ya tona gindin wata dawa a hankali, ya ɗago ta da ƙasarta, ya riƙa kakkaɓewa da yatsa har saiwoyin suka fito. Sai ga wasu fararen tsirrai gajeru, sun kai goma, kowanne ya kafa baki a jikin saiwa kamar kaska a kunnen akuya. Ko ɗaya bai leƙo sama ba tukuna. Na durƙusa na daɗe ina kallo. Na karanta cewa wuta-wuta tana yin mafi yawan ɓarnarta tun tana ƙarƙashin ƙasa, na ma rubuta haka da hannuna, amma ban taɓa haɗa wannan jimla da dawar da ke tsaye a gabana ba.

Shawarata ba ƙarya ba ce. Ƙasar da ta gaji, wadda ba ta da isasshen sinadarin nitirojin, ita wuta-wuta ta fi so, yuriya kuma kashi 46 cikin ɗari nitirojin ce. Sai dai da Baba ya bi maganata, da ya kashe kuɗinsa bai ji sunan ciwon daga bakina ba, kuma da fure ya fito ya zubar da sabon iri ba mu yi shirin komai ba. Na san abin ne da fuskar da littafi ya nuna mini, ya zo da wata fuskar na kasa gane shi. Shi kuwa Baba daga nesa yake gane shi, ta yadda ganye ya kwanta.

Ba ina nufin karatu bai yi rana ba. Ina jin zafin masu cewa boko ba ya noma, domin a wannan gonar dai na ga amfaninsa. Baba ya gaya mini tun zamanin mahaifinsa sun lura idan aka huta da dawa aka sa auduga ko gyaɗa, wuta-wuta takan ragu, amma bai san dalili ba. Ni na sani. Irinta ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar amfanin gona ke fitarwa. Saiwar auduga da gyaɗa da waken soya suna fitar da irin wannan sinadari, irin ya tsiro yana zaton dawa ce, ya rasa inda zai kama, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Da na faɗa masa haka sai ya gyara zama ya ce, "Ashe yaudararta ake yi." Daga nan shi da kansa ya ci gaba da lissafi: to kenan shekara ɗaya ba za ta ƙarar da irin da ya taru ba, kuma wadda aka tuge bayan ta yi fure, in aka yar a kwarin kunya, an sake shuka ta ne. Sai a tuge da wuri, a tara a ƙone.

Har ya tambaye ni wake fa? A nan na yi taka-tsantsan, domin wake yana da tasa wuta-wutar daban, Striga gesnerioides, wadda ba ta damu da dawa ba amma tana kassara wake. Na ce sai mun duba ko an taɓa ganinta a gonar. Wannan ne karo na farko da na ce wa manomi "sai mun duba" ban ji nauyi ba, kuma na lura tun daga ranar ya fi sakin jiki da ni.

Da damina ta zagayo ya sa waken soya a rabin gonar. A ɗaya rabin muka gwada irin masara na SAMMAZ daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, cikin waɗanda aka fitar don jure wa wuta-wuta. Ba ta ɓace ba, amma ta ragu ƙwarai, ya samu abin kai wa rumbu.

Yanzu ni ake turo wa sababbin ma'aikata da ɗalibai masu koyon aiki. Da yawansu sun fi ni iya jero sunaye, ina kuma jin daɗin haka. Ranar farko nakan kai su inda dawa ta fara rawaya, tun fure bai fito ba, in tambaye su me suka gani. Galibi sukan ce ƙarancin taki. Sai in miƙa wa ɗaya fartanya in ce ya tona a hankali, kada ya tsinke saiwa.