Kwana 47 ina ɗiga wa kunnena magani

Duk wanda ya wayi gari kunnensa ɗaya ya toshe kamar an cusa masa auduga, ga wani shuuu a ciki da ba ya tsayawa, to mako 2 ne a hannunsa. Ni ban san haka ba. Sai a rana ta 47 na zauna gaban likitan kunne. Yau shekara ta 4 ke nan kunnen hagu bai dawo ba, ƙarar kuma ba ta ɗauke ba ko na minti ɗaya.

Abin da ya same ni shi ne kurumtar jijiya ta farat ɗaya. Ma'aunin likitoci a kanta shi ne ji ya faɗi da aƙalla desibel 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), a matakan sauti 3 da ke jere da juna, cikin awa 72. Yawanci kunne ɗaya take kamawa, kuma yawanci ba a gano musabbabinta. Ba zafi, ba ruwa, ba zazzaɓi. Rashin zafin nan ne ke yaudarar mutum, don toshewar iri ɗaya ce da ta dattin kunne ko ta mura. Kemis na je, aka ba ni ɗigo mai tausasa datti. Da ya ƙare aka canza min mai kashe ƙwayoyin cuta, sai man zaitun mai ɗumi, sai wankin kunne da sirinji. Duk waɗannan iyakarsu ramin kunne na waje, su ci karo da dodon kunne su tsaya. Ɓarnar tana can ciki, a wata 'yar gaɓa mai kama da katantanwa da ke binne cikin ƙashi, inda ƙwayoyin ji masu gashi kimanin 15,000 suke. Babu ɗigon da ke kaiwa can, kuma ƙwayoyin nan in sun mutu ba sa sake tsirowa.

Abin da ya fi ci min rai, akwai gwajin da ba ya cin sisi, ba ya cin minti ɗaya. Ka rufe baki ka yi "mmmm" da tsawo, ka saurari gefen da sautin ya fi ƙarfi. In a kunnen da ya toshe ne, mai yiwuwa datti ne ko ruwa a bayan dodon kunne. Ka gwada yanzu, ka toshe kunne ɗaya da yatsa, za ka ji sautin ya koma gefen da ka toshe. Amma in kunnenka a toshe yake, sautin kuma ya gudu zuwa lafiyayyen, to jijiya ce, a ranar ake zuwa asibiti. Likita ma kusan abin da yake fara yi ke nan, sai dai shi wani ƙarfe mai baki biyu yake kaɗawa ya ɗora maka a tsakiyar goshi.

Maganin da aka saba bayarwa prednisolone ne, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki, ba a wuce 60 a rana, na kwana 7 zuwa 14, sannan a riƙa ragewa a hankali. Ya fi aiki in an fara cikin mako 2 na farko. In bai yi ba, ko mutum yana da ciwon suga da ba zai ɗauki ƙwayar ba, akwai allurar irin wannan magani da ake yi ta dodon kunne, ana gwada ta har zuwa mako 6. Mako 6 kwana 42 ne. Ko wannan ƙofa ta ƙarshe da kwana 5 na makara. Ba wai duk wanda ya sha yake warkewa ba, wasu ma jinsu yana dawowa da kansa ba magani. Amma dama ce, ni kuma na ba da tawa a kan ɗigon kemis. Kada kuma wani ya karanta wannan ya je ya sayi ƙwayar da kansa. Tana tayar da suga da hawan jini, tana tayar da gyambon ciki, kuma ba a yanke ta lokaci guda. Likita ne ke rubuta ta bayan ya duba kunnen.

In ka je asibiti, yadda ka faɗi abin yana da muhimmanci. Kada ka ce kunnenka ya toshe, don za a sa ka a layin masu datti, a ba ka ranar dawowa. Ka ce ka daina ji da kunne ɗaya farat ɗaya, ka faɗi ranar, ka nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ka nemi gwajin ji. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk suna da wannan sashe. Akan nemi hoton MRI ma, don a tabbatar ba ƙari ne ya fito a jijiyar ji ba. Nawa ya fito ba komai, alhamdulillahi.

Takardar gwajin ce ta zo min da abin da ban zata ba. Ana auna kowane kunne a matakan sauti daga hertz 250 zuwa 8,000, daga sauti mai kauri zuwa siriri. Na hagu ya faɗi ƙasa gaba ɗaya, wannan na sani. Amma na dama da nake kira lafiyayye, layinsa ya tafi daidai har 2,000, sai ya zurma zuwa desibel 45 a 4,000, ya ɗan ɗago a 8,000. Wannan rami a 4,000 tambarin hayaniya ne. Gyaran janareta ne sana'ata, shekaru ina duƙe kan injin da ke ruri ba komai a kunne. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: desibel 85 kunne yana ɗauka awa 8 a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai kamu biyu ya ji ka, ka riga ka shiga wurin ɓarna. Masu injin niƙa, masu walda, maƙera, masu zama kusa da lasifika a biki, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Auduga ba ta tare komai na a-zo-a-gani. Matoshin soso ake so, shi ma sai an sa shi daidai. Ka murza shi da yatsu ya zama siriri, ka zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura, ka riƙe daƙiƙa 30 ya kumbura. In wanda ke gabanka yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba. Lambar da ke jikin kwalin, 29 ko 33, wato desibel ɗin da matoshin ke ragewa, ta ɗakin gwaji ce. A wurin aiki ka ɗauka rabinta kake samu.

Mutane suna mamakin yadda nake jin ana magana amma ba na gane abin da aka ce. Wasula suna da kauri, suna ƙasa, ina jin su. Baƙaƙe irin s, sh, ts da f sirara ne, suna sama, daidai inda ramin yake. Sara, shara, tsara, fara, a kunnena duk "ara" ne, sai ma'anar zancen ta raba min su. Bakwai da takwas sun sha haɗa ni rigima a ciniki, shi ya sa yanzu kuɗi da lambar waya sai an rubuta min. Ihu ba ya taimako, wasulan kawai yake ƙarawa su danne sauran. Abin da nake roƙo shi ne a kira sunana tukuna, a fuskance ni, a yi magana a tsanake, in ban gane ba a sauya kalmar maimakon a maimaita ta sau uku.

Ƙarar kanta ta fi kurumtar wahala a shekarar farko. Tawa kamar kukan gyare ce haɗe da iskar da ke fita daga taya. Ba daga waje take ba. Idan kunne ya daina aika wani sauti, ƙwaƙwalwa takan ƙara ƙaimin saurare, a nan ƙarar ke samuwa. Shi ya sa shiru ne babban abokin gabarta. Daren da aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit, nan take cika ɗaki. Na sayi ƙaramar fanka mai caji don wannan kawai, ko sanyi ake yi ina kunna ta in juya ta bango. Rediyo a tsakanin tashoshi biyu ma yana yi, ko sautin ruwan sama a waya. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne ƙure sautin har ya binne ƙarar, in na kashe sai ta dawo kamar ta ninka. Ana ajiye shi ne ƙasa kaɗan da ita, yadda za ka ji su biyun tare, ƙwaƙwalwa ta koyi ɗaukarta a matsayin abin da ba shi da labari. Kamar janaretan maƙwabci ne, yana yi amma ba ka jinsa sai an tuna maka. Ni sai da na haura shekara kafin na fara yin rabin yini ban lura da ita ba.

Babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe ƙarar kunne. Na sayi maganin ganyen bishiyar ginkgo, na sayi haɗe-haɗen bitamin, na sayi na gargajiya, kuɗin da na zuba a nan da ya kai ni likita sau goma a makon farko. Abin da bincike ya fi goyon baya shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam a koya wa mutum raba ƙarar da fargabar da take jawowa, don fargabar ce ke hana barci, rashin barci kuma ya ƙara ƙarar. Tawa tana tashi in ban yi barci ba, in na yini cikin hayaniya, ko in na cije haƙora. Wata ɓarna da na yi ita ce yawo da matoshi ko a gida saboda tsoro. Cikin 'yan makonni ƙarar cokali a faranti ta koma tana sukar kunnena. Matoshi na wurin inji ne da biki, ba na tsakar gida ba. Ƙarar da ke bugawa tare da zuciya, ko wadda ta zo da jiri mai kayarwa ko karkacewar fuska, ba ta zaman haƙuri ba ce, ta asibiti ce. Haka wanda ƙarar ta kai shi ga jin ya gaji da rayuwa, ya faɗa wa likita da wani nasa a ranar.

Na'urar ji a kunnen dama nake sa ta. An gwada a hagu, sauti ya ƙaru amma kalmomi sun fito a murɗe kamar fasasshiyar lasifika. Ga irin wannan akwai wadda ake kira CROS, mai ɗauko sauti daga mataccen gefe ta kai lafiyayye. Na'urar ji ta kasuwa mai arha amfilifaya ce kawai, tana ƙara komai bai ɗaya, har matakan da ba su da matsala. Ta gaske da takardar gwajinka ake saita ta a kwamfuta, kuma sai an koma saiti sau biyu ko uku. Makon farko muryarka za ta yi maka kamar daga cikin tulu, takun takalminka ya dame ka. A nan mutane ke jefa ta a durowa. Ka fara da 'yan awowi a gida, ka riƙa ƙarawa har ta zama ta yini. Tana rage min ƙarar ma, tunda ƙwaƙwalwa ta samu abin saurare.

Batirinta launi ne ke raba shi: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska yake aiki, don haka in ka ɓare takardar bayansa ka jira minti ɗaya ko biyu kafin ka sa, kuma in an ɓare ya fara ƙarewa ke nan ko an mayar da takardar. 312 yana yi min kwana 5 zuwa 6. A ɓoye shi daga yara, haɗiye shi haɗari ne babba. Ruwa da datti ne ke kashe na'ura. Ina cire ta kafin alwala, ba na mayarwa sai kunne ya bushe. Da dare in buɗe ƙofar batiri in sa ta a kwalba mai murfi da ƙwayoyin tsotse danshi, musamman da damina. Da hunturu ƙura ce ke toshe ramin makirfo, sai ɗan buroshi kullum. In ta yi shiru, kafin ka ce ta lalace duba 'yar matatar datti da ke bakinta, yawanci ita ce. In tana yin fito kamar usur, ko ba ta zauna daidai ba ko datti ya taru a kunne. Kuma tsinken ashana da gashin kaza tura dattin suke yi ciki.

Wanda ya rage da kunne ɗaya dole ya yi masa gadi a asibiti ma. Allurar gentamicin, streptomycin, kanamycin da amikacin suna iya lalata ji har abada. Kwinin da asfirin mai yawa suna tayar da ƙara, kodayake galibi takan lafa in an daina. Ba cewa na yi a ƙi magani ba, wani lokacin rai ne a kai. Amma duk likitan da zai rubuta min allura ina faɗa masa kunne ɗaya gare ni, ya duba ko akwai madadi. Wanda ya tashi daga sanƙarau ko zazzaɓin Lassa shi ma a gwada jinsa kafin a ce ya warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka tsira daga Lassa suna samun kurumta.

Da kunne ɗaya ba a gane inda sauti ya fito. Hon ɗin babur duk daga dama nake jinsa ko daga hagu yake, don haka tsallaka titi da ido nake yi, sau biyu kowane gefe. A majalisa ina zama bango yana haguna, a masallaci ina neman gefen da liman zai kasance a damana. In na kwanta a kan kunnen dama ba na jin kiran asuba, sai waya mai girgiza a ƙarƙashin matashi.

Kowace safiya kafin in sa na'ura ina murza yatsu biyu kusa da kunnen dama in ji sautin yana nan yadda yake jiya. Gwajin ji kuma sau ɗaya a shekara, takardun duka suna cikin ambulan ɗaya, hotonsu yana waya, don likita ya samu abin kwatantawa nan take. Na faɗa wa maiɗakina da babban ɗana: ranar da na tashi na ce kunnen dama ya toshe, kada kowa ya je kemis, a nemo mota.