Kafin ki kifa kai a cinyar makitsiya, ki fara kallon goshinki

Jiya bayan la'asar na leƙa gidan Yaya na tarar da 'yarta da ta gama sakandare bana a kan tabarma, kai a cinyar makitsiya, hannu ɗaya riƙe da waya tana nuna hoton wata a TikTok wai irin wannan take so sak. Shuku ne ƙanana-ƙanana an tattare shi can tsakar ka, an ja gaba har 'yan ƙananun gashin nan na gefen kunne ba a bar ko ɗaya ba. To yarinyar nan fuskarmu ɗaya da ita, doguwa ce ga goshi, duk gidanmu haka Allah ya yi mu, ita kuwa ta hoton fuskarta a zagaye take ga kumatu. Na ce ke wannan fa ba zai karɓe ki ba. Ta ce haba Anti, ai shi ake yayi. Ana kama layin farko na ga girarta ta ɗage sama, ta runtse ido tana cije leɓe, sai na ji gabana ya faɗi don wallahi ni na gani zaune a wurin.

Ni ma a makaranta na fara, wajen 2005, akwai wata 'yar ɗakinmu a hostel mai zagayayyar fuska, duk kitson da aka ɗaga sama sai ya yi mata kyau don yana ƙara mata tsawo, ni kuma ban san wannan lissafin ba, gani nake kitson ne mai kyau ko kan wa aka ɗora shi. Sai na bi ta wajen mai yi mata. Da aka gama aka miƙo min madubi na ga fuskata ta ƙara tsawo, goshina ya fito fili yana sheƙi, a raina na san bai yi ba, amma makitsiyar ta ce kai ya fito da ke, ƙawaye suka ce ya fito da ke, to ni wace ce da zan musa. Ranar da hannu na tallafe kai na yi barci a kife, da asuba na zo sujada na ji kamar fatar goshina za ta yage, na sha parasitamol na ce ai ado sai da wahala. Kwana biyu ƙananan ƙuraje suka feso a layin gaba, wasu gashin suka tsinko da ɗan farin abu a gindinsu, na shafa man kaɗanya na wuce abina.

Kuma ban tsaya nan ba, abin da yake ba ni haushi kenan. Gashina mai tauri ne, sai na koma rilaksa don ya kwanta, a shafa min ranar Asabar ya ƙona min fatar kai har ya yi ɓawo, kafin sati ya zagayo na je an ja shi da kitso. Gashin da sinadari ya riga ya cinye masa ƙarfi ki zo kuma ki ɗaure shi tamau, me kike jira? Da yayin ƙari ya shigo na shiga Sabon Gari na sayo gashin doki aka kitsa min har gadon baya, nauyinsa duk a kan 'yan silin gaban nan yake rataye, alhali na san hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa, a Islamiyya mun karanta shi, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Na ce ai na roba ne ba na mutum ba, na lallashi kaina da wannan.

Amma fa a yi min adalci. Lokacinmu wa ya taɓa zaunar da mu ya ce fuska iri-iri ce, kitso ma iri-iri? Makitsiya mai hannu a wurinmu ita ce wadda kitsonta zai yi wata guda bai tashi ba, in ta sassauta ma cewa ake ba ta iya ba. Hajiyarmu ta yi magana kam, ba zan yi mata ƙarya ba, ta ce wannan jan zai cinye miki gaban kai, to amma Hajiya komai muka yi sai ta ce zai cinye mana wani abu, ya za a yi in gane wannan karon da gaske take. Kuma kuɗin kitso ba a ƙasa ake tsinta ba, dole ki so wanda zai daɗe. Duk da haka dai madubi bai taɓa yi min ƙarya ba, ni ce na ƙi ji.

Bayan haihuwar fari, wajen wata uku, gashi ya dinga zuba a mataji, wannan kusan kowace mai jego tana gani kuma yana dawowa. Na tsakiya da na ƙeya sun dawo, na gaba da gefe biyun nan shiru. Babu abin da ban shafa ba, man alayyadi, man shanu, ruwan albasa da ya hana maigida zama kusa da ni, karkashi, har chebe ɗin nan na matan Chadi na saya da tsada, shi kuwa ashe a jikin gashi ake shafa shi don kar ya kakkarye, ba ya tsirar da wanda babu. Daga ƙarshe na je wajen likitar fata, ta duba da fitila ta ce jan da aka yi shekara da shekaru ne, inda fatar ta yi sumul tana ƙyalli saiwar ta mutu ba abin da zai fito, inda ke da ɗan gashi laushi-laushi ne kawai za a iya ceto. Ta rubuta min minoxidil, ta ce in na daina shafawa abin da ya fito zai koma. Kin ga ni da nake kukan faɗin goshi, yanzu ya ƙara yatsa biyu, kuma da kuɗina na saye shi.

Na zauna da niyyar in jero muku shawarwari da yawa, da na duba sai na ga ba su da yawan.

Ki tattare gashinki baya, ki tsaya gaban madubi na gaske da rana. Ba kyamarar gaban waya ba, ita in kin matso da ita hanci da goshi take ƙara wa girma, balle kuma filtan nan da kuke sawa yana fere muku haɓa har ke kanki kin manta kamanninki. In fuskarki doguwa ce ko kina da goshi irin namu, ki rabu da duk abin da zai tashi sama ko ya ja baya gaba ɗaya, ki nemi tsagar gefe, ko kalaba da za ta zubo ta kunnuwa, ko irin na Fulani mai saukowa gefe da gefe, faɗi kike nema ba tsawo ba. Mai zagayayyar fuska da kumatu ita ce ta shuku da doka, tsagar tsakiya ma tana yi mata. Mai faɗin muƙamuƙi ta bar wani abu ya sauko kusa da kumatu kar a kwashe komai baya. Shi kenan fa, ba wani karatu ba ne, amma yaran yanzu sai su kalli bidiyo ashirin su kasa kallon fuskarsu sau ɗaya.

Ki saurari makitsiya, musamman tsofaffin hannun nan na cikin unguwa, tana ɗora kibiya ta san inda gashinki yake da ƙarfi da inda ba ya son ja. Ko da yake kar ki saurare ta duka, wadda ta ce ya fito da ni ai ita ma makitsiya ce, kuma ba za ta kore ki da kuɗinki ba. In ta kama gaba kika ji girarki ta motsa ki buɗe baki ki ce Baba a sassauta, in ta ce ai zai saki bayan kwana biyu ki ce a'a yanzu nake so ya saki. Kunyar minti ɗaya ce. 'Yan gashin gefen kunne kuwa a bar su, ba sai an kama kowane sili ba, kuma dan Allah ku rage danne su da jel da buroshin haƙori kullum, wai sai sun yi lanƙwasa.

In kin yi rilaksa ki ba kan akalla sati biyu kafin kitso. Ni da za ki ji tawa ma da ba ki yi rilaksan ba, amma na san ba ji za ki yi ba, kanki ne.

Wani abin dariyar ma, mu da kanmu a rufe yake yawancin yini, ɗankwali da hijabi mutane ke gani, to ɗaurin ne ya fi shafar fuskar ma fiye da kitson. Mai doguwar fuska ta ɗora acuci ta kafa ɗauri can sama, sannan ta turo shi baya goshi a waje, ai ta ƙara wa Barno dawaki. Ki sauko da shi ya rufe layin gashi kaɗan, ki ba shi faɗi ta gefe, kuma kar ki ɗaure shi tamau a wuri ɗaya kullum don shi ma yana goge gaban kai. Kitson da ke ƙasa ya zama mai kwanciya wanda ɗauri zai zauna a kai, in kuma ya hana ki sujada ki tsefe shi a daren ko nawa kika biya.