Wanda ya yi shiru a guruf shi ya kamata a nema

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, ga kuma yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba, wata tara cur muna gida. Lokacin ina aji biyu a jami'a nan Bauchi kuma ni ne wakilin ajinmu, na bar hostal da 'yar jaka ɗaya don a zatona sati biyu za mu yi mu dawo, ko bokitina ban ɗauka ba.

Abin da na sa a gaba shi ne zuba handawut, wato takardun darasi, a guruf ɗinmu na WhatsApp, safe da yamma, ina ganin ai na sauke nauyi. Mun fi mutum ɗari amma waɗanda ke magana ba su wuce goma ba, su ma 'yan cikin gari ne masu wuta da sabis. Har haushi nake ji, ina cewa mutane sun watsar da karatu.

Sai cikin azumi na kira wani ɗan ajinmu da ke wani ƙauye gaba da Ningi, don tun da muka rabu ban ga ya buɗe saƙo ba. A kira na huɗu ta shiga. Ya ce, "Mutumina, ni fa sai na hau tudun bayan firamare nake samun sabis, caji kuma sai ranar kasuwa wurin mai janareta." Can sai ya ce Baba ya rasu, yau kwana ashirin. Babu wanda ya sani a cikinmu, mu da muke shan garin kwaki a kwano ɗaya da shi. Wallahi bakina ya mutu, da ƙyar na iya cewa Allah ya jiƙan Baba ya ba ku haƙuri.

A daren na ɗauko takarda na rubuta sunan kowa da garinsu, na raba mu shiyya-shiyya, 'yan Azare da Misau, 'yan Dass da Bogoro, 'yan Gombe, kowace shiyya da mutum ɗaya da zai riƙa kiran sauran a waya kai tsaye, ko mai ƙaramar waya ne a same shi. Muka fara karo-karon naira ɗari-ɗari ana saya wa wanda ba shi da hali kati. Manyan fayil masu cinye data na daina turawa, sai gajeren rubutu. Daren Juma'a kuma hira ce zalla ba zancen karatu, a nan muka ji wanda ke shuka, wanda ya koma ɗinki, da wadda aka sa wa rana, ita kam 'yan matan ajin ne suka yi ta binta har ta fasa ajiye karatun bayan biki. Ba kullum ake wanyewa lafiya ba, wani lokaci musun siyasa ya ɓarke har wasu su fice, sai an bi su da lallami.

Da muka koma a 2021 mutumin Ningi ya zo mana da ƙullin gyaɗa, muka zauna a ɗaki aka sake yi masa gaisuwa ido da ido. Da aka shiga wani yajin ranar 14 ga Fabrairun 2022, kafin mu watse sai da na zagaya da takardar nan kowa ya gyara lambarsa, ya ƙara ta wani ɗan gidansu.