Neman Wurin Yada Zango a Tafkuna da Tsaunukan da Ke Kewaye da Bozeman

Bozeman gari ne na jami'a a kudu maso yammacin jihar Montana ta Amurka, inda Jami'ar Jihar Montana take tun shekarar 1893, kuma duk inda mutum ya tsaya a cikinsa ya ɗaga kai tsauni zai gani: jerin Bridger ta arewa maso gabas, na Gallatin ta kudu, na Madison kuma can kudu maso yamma. Sabon ɗalibi yakan ɗauka cewa a irin wannan wuri samun inda za a kafa tanti a bakin tafki ba zai yi wuya ba, sai ya manta cewa dubban abokan karatunsa ma ranar Juma'a suke tashi daga aji, kuma hanya ɗaya duk za su bi. Abin da zaman garin ya koya mini shi ne, tsayin wuri daga teku da watan da ake ciki su ne suke raba sansani mai daɗin kwana da wanda za a kwana ana makyarkyata, kuma hotunan da ake gani a intanet ba sa nuna ko ɗaya daga cikinsu.

Kafin a zaɓi tafki, ya kamata a san hukumar da ke riƙe da ƙasar, domin ita ke shimfiɗa ƙa'ida. Yawancin tsaunukan nan suna cikin Dajin Tarayya na Custer Gallatin, wanda Hukumar Kula da Dazuzzuka ta Amurka ke gudanarwa. Sansanoninta ba su da wani ƙawa: fili na ajiye mota, teburin katako, da'irar ƙarfe ta hura wuta, masai na rami, a wasu wuraren kuma da famfon ruwan sha. Guraben da ake kamawa tun daga gida ana kama su ne a shafin Recreation.gov, wanda a mafi yawan sansanoni yake buɗe kowace rana tun saura wata shida, da ƙarfe takwas na safe agogon Montana. Ma'ana, wanda ke son daren Asabar na tsakiyar Yuli a bakin ruwa, a watan Janairu zai nema, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe garin kuma babu ɗalibin da ya san inda zai kasance bayan jarrabawa. Wannan tsari ya fi dacewa da iyalai masu tsara hutunsu tun da wuri, amma yana da kafa: mutane da yawa suna kamawa sannan su soke idan lokaci ya matso, don haka leƙa shafin saura kwanaki kaɗan ba ɓata lokaci ba ne.

Wurin da kowa ke fara ambata shi ne Hyalite, kuma ya cancanci hakan. Kwazazzabo ne a kudu da gari, hanyar kwalta tana bin rafi ta haura har zuwa wani tafki da madatsar ruwa ta tara, tafiyar kimanin kilomita 30 daga tsakiyar Bozeman. Sansanoni uku ne a ciki, kuma halinsu ya bambanta ƙwarai. Langohr yana ƙasa, a bakin rafi, kafin a kai tafkin. Ba a ganin tafki daga cikinsa, shi ya sa wasu ke raina shi, amma ƙarar ruwan rafin tana rufe hayaniyar maƙwabta, kuma shi ne mafi sauƙin kwana a farkon lokaci saboda ya fi sauran ƙasa. Hood Creek shi ne na bakin tafkin kansa, inda mutum zai iya jawo kwalekwalensa daga tanti zuwa ruwa, kuma shi ne ke fara cika. Chisholm yana can gaba cikin itatuwa, kusa da inda hanyoyin ƙafa ke tashi zuwa magangarun ruwa na Palisade da Grotto da kuma ƙololuwar Hyalite, wadda tsayinta ya haura mita 3,100. A ganina, mai son tafiyar ƙafa ya fi riba a Chisholm, domin zai riga motocin da ke fitowa daga gari isa bakin hanya da safe.

Akwai abubuwan da ba kasafai baƙo ke sani ba game da wannan tafki. Daga ranar 1 ga Afrilu zuwa tsakiyar Mayu ana rufe hanyar kwazazzabon ga motoci, saboda narkewar ƙanƙara tana tausasa ƙasan kwalta, sai masu keke da masu tafiya a ƙafa su mallake ta. Tafkin kuma ruwan aiki ne: daga rafinsa garin ke samun wani babban kaso na ruwan sha, manoman kwarin Gallatin kuma da shi suke ban ruwa. Saboda haka ana sakin ruwa a ƙarshen lokacin zafi, gaɓar ta ja baya, wanda ya kama gurbi domin hoton da aka ɗauka a Yuni sai ya tarar da taɓo da duwatsu tsakaninsa da ruwa a Satumba. Abin da ya fi faranta mini rai a nan shi ne dokar da ta hana jiragen ruwa masu inji gudu har su tayar da igiyar ruwa, wadda ta sa tafkin ya zama na masu kwalekwale da masu kamun kifi.

Batun sanyi kuwa lissafi ne mai sauƙi da mutane ke tsallakewa. Bozeman yana kan tsayin kimanin mita 1,460, tafkin Hyalite ya ɗan haura mita 2,000, kuma a matsakaici iska tana rasa kusan digiri shida da rabi na Salsiyos a duk hawan mita dubu. Bayan wannan, da daddare iska mai sanyi tana gangarowa daga tsaunuka ta kwanta a kwari, kamar yadda ruwa ke taruwa a gindin ƙwarya, kuma tafki a gindin kwarin yake. Don haka gurbin da ya fi kusa da ruwa, wanda kowa ke rububinsa, shi ne ya fi sanyi da raɓa da asuba, shi ne kuma sauro ya fi damu a Yuni da farkon Yuli. Gurbin da ke ɗan tudu, wanda rana ke fara haskawa da safe, ya fi shi daɗin kwana nesa ba kusa ba, ko da kuwa sai an yi ɗan taku kafin a kai ruwa. Duk wanda ya duba hasashen yanayi na gari ya shirya jakar barcinsa a kansa, zai ji a jikinsa.

Ta ɓangaren Bridger akwai Fairy Lake, ƙaramin tafki mai ruwa kore shar a gindin ƙololuwar Sacagawea, wadda ita ce mafi tsayi a wannan jerin, kusan mita 2,950. Sansanin ƙarami ne, kuma hanyar da ke kaiwa gare shi ta tsakuwa ce mai ramuka da hawa, wadda ƙaramar mota ke shan wahala a kanta, ba ta kuma buɗewa sai lokacin zafi ya kankama, wajen Yuli. Wahalar hanyar ba ta hana cunkoso da rana, amma da yamma masu yini suna komawa gari, a bar wurin ga waɗanda suka kwana. Su ne ke iya fara hawa da sassafe, su ga awakin dutse a kan gangara, su sauko kafin hadarin la'asar, wanda a waɗannan tsaunuka yakan taso da tsawa a Yuli da Agusta. Wanda tsawa ta tarar a kan ƙololuwa ba shi da mafaka.

A watan Mayu, lokacin da zangon karatu ke ƙarewa kuma ɗalibai suka fi ɗokin fita, duk waɗannan wurare na sama ko dai a rufe suke ko a jiƙe. Nan ne ya kamata a juya zuwa ƙasa. Kimanin kilomita 50 yamma da gari, kusa da garin Three Forks, akwai gandun jiha na Missouri Headwaters, inda kogunan Jefferson da Madison da Gallatin suke haɗuwa su zama kogin Missouri, wurin da ayarin Lewis da Clark, masu binciken ƙasa da gwamnatin Amurka ta tura, ya yada zango a Yulin 1805. Ba tafki ba ne, tsaunuka ma daga nesa ake hango su, amma ƙasa tana bushewa da wuri, kuma gwamnatin jiha ke da shi, don haka ta shafinta ake kama gurbi. Sauro ya yi masa suna idan zafi ya shigo. Sansanonin kwazazzabon Gallatin kuwa, da ke kan babbar hanya mai lamba 191, ba zan daɗe a kansu ba: Greek Creek yana dab da kwalta inda manyan motoci ke wucewa dare da rana, Swan Creek da Spire Rock kuma sun ɗan shige ciki, sun fi shiru, kuma daga yankin ake hawa zuwa tafkin Lava.

Wanda ke da kwanaki a hannu yana iya bin wannan hanya har kusa da garin West Yellowstone, kimanin kilomita 145 daga Bozeman, inda tafkin Hebgen yake da sansanoni irin su Rainbow Point da Lonesomehurst. Babban tafki ne mai jiragen ruwa masu inji da iska mai ƙarfi da rana, kuma a ƙarshen lokacin zafi gansakuka mai guba takan ɓulla a wasu sassansa, har hukuma ta kafa allunan gargaɗi, musamman ga masu yara da karnuka. Ƙasa da madatsarsa akwai wurin da ya kamata duk mai kwana a daji ya tsaya ya gani. Daren 17 ga Agusta, 1959, girgizar ƙasa mai ƙarfin da ya haura maki 7 ta zaftaro gefen tsauni ya faɗa kan kogin Madison, ya binne wani ɓangare na sansanin Rock Creek, mutum 28 suka rasu a dalilin girgizar, ruwan da ya taru bayan tarin duwatsun kuma ya zama tafkin da ake kira Earthquake Lake. Babu wanda zai iya hango girgizar ƙasa, amma tun da na ga busassun itatuwan da har yanzu ke tsaye cikin ruwan, ba na kafa tanti sai na duba abin da ke samana: mataccen reshe, itacen da ya karkata, gangarar da duwatsu ke sulɓowa, da kuma alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa a gaɓa. Ambaliyar Yunin 2022, wadda ta cinye hanyoyi har aka rufe babban gandun daji na ƙasa na Yellowstone na ɗan lokaci, ta nuna yadda kogunan yankin ke tashi idan ruwan sama ya zuba a kan ƙanƙarar da ke narkewa.

Sai maganar beyar, babbar dabbar daji mai haɗari, wadda baƙi ko dai su mayar da ita wasa ko kuma ta hana su fita gaba ɗaya. Yankin yana da beyar mai baƙin gashi da kuma babban nan da ake kira girizli, kuma dajin Custer Gallatin yana da dokar ajiye abinci da ke aiki daga Maris zuwa farkon Disamba. Duk abin da ke da ƙamshi, har da man goge baki da sabulu da tukunyar da ba a wanke ba, dole ne ya kwana a cikin mota a rufe, ko a akwatin ƙarfe da aka tanada a wasu sansanoni, ko a rataye shi mita uku daga ƙasa kuma fiye da mita ɗaya daga jikin itace. Bayan da girizli ya kashe wani mai kwana a tanti a sansanin Soda Butte kusa da garin Cooke City a Yulin 2010, an hana kafa tanti a can, sai motocin kwana masu bango mai ƙarfi. Wannan ya sa yake da muhimmanci a karanta bayanin sansani har ƙarshe kafin a biya kuɗi. Ni dai idan na shiga sansani na ga an bar abinci a kan teburi babu kowa, nakan nemi gurbi nesa da wurin, domin sakacin maƙwabci kowa yake shafa. Feshin barkono na korar beyar kuma a ƙugu yake da amfani, ba a ƙasan jaka ba.

Idan sansanoni sun cika, dokar dazuzzukan tarayya ta yarda a kwana a wajensu kyauta a wurare da yawa, na kwanakin da aka ƙayyade, amma ba ko'ina ba. Ofishin Hukumar Kula da Dazuzzuka na Bozeman yana ba da taswirar hanyoyin mota da ke nuna inda aka halatta tsayawa, kuma ya fi kyau a sauke ta a waya tun daga gari, saboda sabis yana ɗaukewa da zarar an shiga kwazazzabo. A can babu masai, babu famfo, ana son a ja da baya kimanin mita 60 daga ruwa, ruwan rafi kuma komai garai-garai ɗinsa sai an tace ko an tafasa saboda ƙwayoyin cutar gudawa. A Agusta ana iya taƙaita hura wuta mataki-mataki: na farko ya bar ta a da'irar ƙarfe ta sansanoni kawai, na biyu ya hana ta gaba ɗaya sai risho mai gas. Mutanen garin ba sa wasa da wannan, domin a Satumbar 2020 sun kalli gobara tana cin gindin Bridger har ta ƙone gidaje.

Inda ɗalibi ya fi kowa sa'a shi ne a tsakiyar mako da kuma bayan hutun ma'aikata na Litinin ɗin farko ta Satumba. A lokacin iyalai sun koma, yara sun shiga makaranta, sauro ya mutu, kuma Hyalite yana kusa da gari har mutum zai iya kwana can daren Talata ya isa lacca da hantsi. Sashen jami'ar mai kula da wasannin daji yana ba da hayar tanti da jakar barci da kwalekwale, don haka ba sai an sayi kaya ba kafin a gwada. Sai dai a tabbatar da ranar rufe kowane sansani, domin wasunsu suna kashe famfo su kulle ƙofa tun cikin Satumba, kuma a wannan tsayi dusar ƙanƙara ta farko tana iya sauka kafin watan ya ƙare.